Shagon ɗinki a garejin gida, ance sai na yi canjin manufa, ina zan fara?

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu ilimin harkar filaye a Kano ku taimaka min da shawara, abin ya tsaya min a rai.

Garejin gidanmu na mayar shagon ɗinki, keke huɗu ne da yara masu koyo, in an ɗauke wuta mu tada ƙaramin janareta. To maƙwabcinmu ya kai ƙara wajen mai unguwa wai ƙarar janareta da babura masu tsayawa a ƙofa sun dame shi, muka zauna aka yi sulhu na daina kunnawa bayan isha'i, sai ga shi kuma an kawo min takarda wai filin na zama ne ba na kasuwanci ba. Na ɗauko C of O ɗin marigayi babanmu, wato takardar shaidar mallakar filin, na duba, wallahi haka aka rubuta, gidan zama.

Na san dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, amma ni ba gini na ƙara ba, ƙofa kawai na fasa ta waje. Shin wannan ma sai an nemi canjin manufa? KNUPDA, wato hukumar tsara birane ta jihar Kano, zan je ko ma'aikatar filaye? Kuma takardar filin har yanzu sunan Baba ke kai, ba a raba gado ba, zan iya nema da sunana ko sai duk magada sun sa hannu?

Da shagon nan nake riƙe da Mama da ƙannena, rufe shi ba ƙaramin abu bane. Wanda ya taɓa bin hanyar nan dan Allah ya faɗa min matakan.