Ɗalibai na tsallake shingen da na sa wa intanet, ta ina zan toshe?

Assalamu alaikum. Ni ke kula da ɗakin kwamfuta a wata makarantar sakandare. Kwamfutoci 24 ne, duk Windows 10, kuma na'urar intanet ɗaya ce ke ba su. 'Yan SS3 suka fi shiga, don atisayen jarrabawar JAMB.

Da hukumar makaranta ta ce a toshe shafukan batsa, sai na canza DNS ɗin na'urar, wato tsarin da ke nemo adireshin kowane shafi, zuwa 1.1.1.3 na kamfanin Cloudflare, wanda ke toshe irin waɗannan shafukan. Sati biyu lafiya lau. Ranar Talata ina zagayawa, na iske wani yaro a layin baya ya buɗe shafin da na gwada da hannuna na ga ya toshe. Ashe cikin saitunan Chrome ya shiga, ya kunna Secure DNS, saitin da ke ba Chrome damar amfani da DNS ɗin kansa, ya zaɓi wani daban. Wasu kuma ɗan VPN, wato manhajar da ke kewaye shingen, suke ɗora wa Chrome ɗin, ko minti biyu ba sa yi. Ɗaya ya koya, ajin gaba ɗaya ya iya.

Na ƙwace musu ikon admin, na buɗe musu asusu na gama-gari. A banza, domin Secure DNS da VPN ɗin duka biyun ba sa neman kalmar sirri. Kullum da yamma ina bi ɗaya bayan ɗaya ina gogewa, washegari su dawo. Takardar dokar da suka sa wa hannu kuwa, ba a ma maganarta.

Ba mu da saba, wato babbar kwamfutar da ke sarrafa sauran, kuɗin sayen wata na'ura ma babu. Don Allah, ta yaya zan kulle waɗannan saituna biyu na Chrome a kowace kwamfuta, yadda ɗalibi ba zai iya taɓa su ba?