Muhammad Ali ko Mike Tyson, wa ya fi barin tarihi? Ku raba mu gardama

Ɗan Birni:
Salamu alaikum ƴan uwa. Don Allah ku raba mu wata gardama da ta hana mu barci jiya a fadarmu nan Birni. Kuran, wato wutar lantarki, ya tahi tun bayan isha, ba tele ba komai, sai wani yaro ya jawo wayarsa ya kunna bidiyon Tyson yana zubar da ƙarti kamar buhunan gero, daga nan fa magana ta tashi, har aka sha shayi na uku ba a gama ba. Ni na ce Ali ya fi, su kusan dukansu suka taso min wai da an haɗa su Ali ba zai ga turmi na biyu ba. Gaskiya ni ma ban da wata hujja, kawai na san babanmu in ana zancen dambe sunan Ali yake kira. An sa sharaɗi, wanda ya faɗi shi zai sayi sukari da ganyen shayi na sati guda. Ba wa zai buge wani nake tambaya ba, wa ya fi barin tarihi?

Kabukabu Zengu:
Abokina je ka kasuwar Dole ka sayo sukarinka tun bai ƙara kuɗi ba 😂 Tyson fa yana ɗan shekara 20 ya ɗauki kambun duniya na masu nauyi a 1986, ya kwantar da Trevor Berbick a turmi na biyu, mutumin sau uku yana ƙoƙarin miƙewa ƙafa na ƙin ɗaukarsa kamar ɗan akuyar da aka haifa yanzu. Har yau ba wanda ya ɗauki wannan kambu yana ƙasa da shekarun nan. Kafin 1987 ta ƙare ya haɗe damara uku duka na manyan hukumomin dambe, WBC da WBA da IBF. Michael Spinks da ba a taɓa bugewa ba daƙiƙa 91 kacal ya yi a gabansa. Dambe 37 ya yi a jere ba faɗuwa. Mutum gajere, mita ɗaya da 78, amma ƙattai tun a awon nauyi cikinsu ke ɗurar ruwa. Shi Ali rawa da surutu ne.

Mushe Sabon Gari:
Wa alaikumus salam. Ƙanena Kabukabu duk abin da ka lissafa gaskiya ne, amma ka tsaya a 1988 kamar nan duniya ta tashi. Ci gaba mana. Fabrairun 1990 a Tokiyo, Buster Douglas wanda ba a ma sa shi a lissafi ba ya kwantar da shi a turmi na 10. Holyfield ya tsayar da shi a turmi na 11 a 1996, da aka sake a 1997 Tyson ya ga ba sarki sai Allah ya gatsa wa mutum kunne, aka kore shi aka ci shi tarar dalar Amurka miliyan 3. Lennox Lewis ya shimfiɗe shi a turmi na 8 a 2002. To ga tambayata, a cikin waɗanda suka buge Tyson wa ya koma ya rama a kansa? Ko ɗaya babu.

Yanzu dubi Ali. Dambe 61, ya ci 56, ya faɗi 5. Joe Frazier ya buge shi a 1971, Ali ya dawo ya ci shi sau biyu. Ken Norton ya karya masa muƙamuƙi a 1973, ya dawo ya ci shi sau biyu shi ma, ko da yake na ƙarshen har gobe ana gardama a kan hukuncin alƙalai, wannan ba zan ɓoye ba. Leon Spinks ya ƙwace masa kambu a Fabrairun 1978, Satumba na yi ya karɓo abinsa yana da shekara 36, ya zama ya ɗauka sau uku ke nan. Biyun da bai rama ba su ne na ƙarshe, lokacin da ma jiki ya riga ya gama.

Kuma ba wai yawan waɗanda ka buge ba ne, su wa ka buge, kuma a wane hali suke? Sonny Liston da Ali ya karɓi kambu a hannunsa a 1964 shi ne dodon zamanin, irin tsoron da kuke cewa ana yi wa Tyson shi aka fara yi wa. George Foreman kuwa dambe 40 ya yi ba faɗuwa, 37 duk kwantar da mutum ya yi, yana ɗan shekara 25, Frazier da Norton ɗin nan da suka wahalar da Ali kowanne turmi biyu ya yi a hannunsa. Wannan mutum Ali ya buge yana da shekara 32. Manyan Tyson na gaske su biyu ne, Holyfield da Lewis, kuma duk sun ci shi.

Sannan ka tuna an ɗauke Ali daga fili daga 1967 zuwa 1970, daga shekara 25 zuwa 28, ainihin ganiyar ƙarfin ɗan dambe, don ya ƙi shiga soja lokacin yaƙin Biyetnam, ya ce addininsa bai yarda ba. An ƙwace kambu an hana shi lasisi, sai 1971 kotun ƙolin Amurka ta wanke shi.

Kabukabu Zengu:
Mushe da girmanka amma ka tsallake Larry Holmes da gangan. Holmes ya yi wa Ali dukan kawo wuƙa a 1980, Berbick ma ya ci shi a 1981, su biyun nan kuma Tyson ya kwantar da su, Holmes turmi 4 Berbick turmi 2. Ga awo nan a fili, me kuma ake nema? Kuma ku yi wa mutum adalci, Cus D'Amato da ya ɗauko shi ya rene shi kamar ɗa ya rasu tun 1985, daga baya ya rabu da mai horar da shi Kevin Rooney, ƴan cin kuɗi suka yanyame shi. Tyson na Tokiyo ba Tyson na 88 ba ne.

Mushe Sabon Gari:
Madalla da ka kawo Holmes. Ali na da shekara 38 ranar da Holmes ya buge shi, Holmes na da shekara 38 ranar da Tyson ya buge shi, bayan ya yi kusan shekara biyu a zaune. Tsoho ne yaro ya daka a duka biyun, wannan awon bai auna komai ba sai tsufa. Zancen Tyson na 88 kuma na yarda, abin tsoro ne, amma shekara uku da ƴan watanni ya yi a sama.

Baba Mai Goro:
Yara kun tuna min da nisa. Shekarar da Kunce ya hau mulkin Nijar ne aka yi damben Ali da Foreman a Kinshasa ta ƙasar Zayar, 1974, ina yaro ɗan lakwal. An yi shi ne da ƙarfe huɗu na asuba don mutanen Amurka su samu kallo da darensu, mu dai da safe muka ji a rediyon wani maƙwabcinmu tela, an kewaye shi kamar ana rabon gado, da aka ce Ali ya kayar da Foreman a turmi na takwas tsoho ya ajiye almakashi ya yi kabbara. Mutanen Zayar suna ta kirarin Ali bomaye, wato Ali kashe shi, irin yadda mu ma a damben gargajiya in mutum ya taɓa ƙasa ake cewa an kashe shi. To da dokar dambenmu ce da Frazier ya kashe Ali a turmi na 15 a karonsu na farko, don ya sha ƙasa sosai, amma ya tashi ya ƙarasa. Lura ku yi, a lokacin turmi 15 ake yi, ba 12 na yanzu ba. Karonsu na uku a Manila a 1975 turmi 14 suka yi cikin zafi suna jibgar juna har mutanen Frazier suka hana shi tasowa, idonsa ya rufe.

Ni ban raina Tyson ba, mun kalli kasetinsa a gidan bidiyo, kafin ka gyara zama an gama, mu yi ta jin haushin dala biyar ɗinmu. Amma Ali har Najeriya da Gana da Masar ya zo a 1964, ya je aikin hajji a 1972, a garin nan mutane da ba su san safar dambe ba sun san sunansa. Ku kuma samarin yanzu ina fatan kun san namu, Isaka Dabore, da ya ciyo wa Nijar tagulla a dambe a gasar Olamfik ta 1972, ita ce lambarmu ta farko, sai bayan shekara 44 Alfaga ɗan wasan tekwando ya kawo ta biyu.

Maman Biyu:
Ni ba ƴar kallon dambe ba ce amma tunda tarihi aka ce sai a faɗi duka. Shekara ukun da Ali ya rasa saboda aƙida ne, ukun da Tyson ya rasa daga 1992 zuwa 1995 kurkuku ya yi bayan kotu ta same shi da laifin fyaɗe, amma ba wanda ya ambata a cikinku. An ce a can ya musulunta, Allah Ya karɓi tubansa. Shi ma Ali ba waliyyi ba ne, baƙaƙen maganganun da ya yi ta yaɓa wa Frazier har da kiransa goggon biri mutumin ya daɗe bai huce ba.

Ɗan Birni:
Na gode Baba, na gode Mushe, Maman Biyu gaskiyarki. Na karanta musu duka yanzu a fada, biyu sun sallama, amma mai wayar ya kafe wai sai an kawo masa bidiyon da Ali ya kayar da mutum cikin daƙiƙa 91. Na ce ya nemo na Liston na biyu a 1965 tun turmin farko aka gama, ya ce megansa ya ƙare. An dai raba, su sukari ni gawayi.