Me za mu kira DLC da Hausa? Ni na tsaya a kan "ɗoriya"

Jama'a, masu buga gem da masu kishin harshe, shawara nake nema. Amma bari in fara da abin da ya tayar da maganar.

Ƙanena ya yi watanni yana tara kuɗi. Ya shiga shagon intanet na na'urarsa, ya ga hoton wani gem da ya daɗe yana kwaɗayi, farashin kuma ya yi ƙasa sosai da wanda ya sani. Nan take ya biya. Ya zauna ya zuba wa layin saukewa ido, yana tafiya a hankali har ya cika. Da ya danna zai fara, sai allo ya nuna masa cewa abin ba ya tashi sai da ainihin gem ɗin. Ya same ni idonsa ya yi ja, ya ce, "Yaya, ai na biya, me ya sa ya ƙi buɗewa?" Akwai haruffa uku a gefen hoton, DLC. Ya gan su sarai, amma ba su gaya masa komai ba. Abin ya tsaya mini a rai har yau. Da an rubuta masa da kalmar da kunnensa ya sani, da bai yi wannan asara ba.

Haruffan nan, da ake liƙa wa ƙarin kayan da ake fitar wa wani gem, gajarta wasu kalmomin Turanci ne masu nufin abin da ake saukewa daga intanet. Shi ya sa na ga wasu na cewa "abin saukewa". Ban gamsu ba. A yau shi kansa gem ɗin saukewa ake yi, gyaran kurakuransa ma saukewa ake yi. Sunan ya faɗi hanyar da kaya suka biyo, bai faɗi mene ne kayan ba. Idan muka fassara shi baƙi da baƙi, mun kwaso raunin sunan ne muka shigo da shi Hausa.

Kuma abin ya girmi saukewa. A 1994 kamfanin Sega ya fitar da Sonic & Knuckles a kaset mai murfi a samansa. Ka ɗaga murfin, ka ɗauko kaset ɗin Sonic 3 ka dasa a kai, sai biyun su zama dogon wasa guda. Ka dasa Sonic 2, sai ka buga shi da Knuckles, jarumin sabon kaset ɗin. Da hannunka kake ɗora wani a kan wani, ko da yake a can tsohon ne ke hawa kan sabon. A ɓangaren kwamfuta kuwa, Brood War na StarCraft da The Rise of Rome na Age of Empires sun fito a 1998, Lord of Destruction na Diablo II a 2001. Duk a kwali suka zo, da faifai a ciki, an rubuta a jikin kwalin cewa sai kana da gem na asali. Turawa suna kiran irin waɗannan expansion. Da dandalin intanet na Xbox Live ya zo a 2002, na Steam kuma a 2003, sai kwali ya fara ja da baya, gargaɗin nan ya koma ɗan layi a ƙasan shafi wanda ido ke tsallakewa.

To, me ya sa ɗoriya?

Ku saurari yadda muke faɗin ta. "Ya yi shekara ashirin da ɗoriya a wannan aiki." Ashirin ɗin nan cikakkiya ce, ba ta jiran komai kafin ta zama ashirin. Ɗoriyar kuwa a kanta take zaune. Ba ka taɓa jin wani ya ce "shekaruna ɗoriya" ya yi shiru ba, dole a tambaye shi, ɗoriya a kan me? Wannan tambayar ita ce ƙanena bai samu abin da zai sa shi ya yi ta ba. Kalmar da kanta tana tura mai saye ya nemi abin da ke ƙasa.

Abin da ke ƙasan kuma sunansa a shirye yake: uwar gem, kamar yadda muke cewa uwar kuɗi idan muna bambanta ta da riba. Uwa da ɗoriya. Baki ba ya wahala wajen faɗa, jam'inta kuma ɗoriyoyi.

Wanda ke son ya ga iyakar dogaron ɗoriya da uwarta, ya dubi Shadow of the Erdtree, ta Elden Ring, wadda ta fito a watan Yunin 2024. Ko ka biya, ko ka sauke ta gaba ɗaya, ba za ka taka sabuwar ƙasar ba sai ka kayar da manyan abokan gaba biyu, Radahn da Mohg, a cikin uwar gem. Ƙofar ma a cikin uwar take.

Na ga amsoshi sun fara shigowa, na gode ƙwarai. Da yawa kun ce "ƙari", kuma ba kuskure ba ne. Matsalarta faɗi. Ƙarin kuɗi, ƙarin bayani, ƙarin lokaci, komai ƙari ne. Ka ce wa yaro "na sayi ƙari", sai ya ce ƙarin me, amma ba zai fahimci cewa abin ba ya aiki shi kaɗai ba. Wanda ya ce "gyara", a ma'anar ɗan abin da mai sayarwa ke ƙara wa mai saye, na ji daɗin tunanin, sai dai gyara kyauta ce, yawancin DLC kuwa kuɗi ake biya. Ga shi kuma za ta ci karo da ɗaya gyaran, na abin da ya lalace.

Shi wannan na biyun ma yana da sunansa tuntuni: faci. Idan kamfani ya turo fayil don toshe wata ɓaraka, gem yana tsayawa cak ko hoto yana rawa, faci ya yi. Ina so mu riƙe wannan bambanci da kyau, don akwai haƙƙi a ciki. Faci bashi ne a wuyan kamfani, tunda lafiyayyen kaya ka biya. Ɗoriya kuwa ganin dama ce, in ka so ka saya, in ba ka so ba uwar gem ɗinka na nan yadda take.

Malama da kika ce "ɗora" ta riga ta zama kalmar tura abu zuwa intanet, kamar a ce na ɗora hoto, saboda haka ɗoriya za ta rikita mutane: gaskiya wannan ce hujjar da ta fi sa ni tsayawa in yi tunani. Amsata ita ce, ɗoriya suna ce da ta daɗe da zama da gindinta. Wanda ya ji "dubu goma da ɗoriya" ba ya tuna wata ɗorawa a intanet. Kuma ban taɓa jin wanda ya kira hoton da ya tura "ɗoriyata" ba, wurin a buɗe yake. Wanda ya kawo "ɗori" kuma, Malam, kunnena karaya yake jiyowa da mai ɗori, wato haɗa abin da ya karye. Wannan ya fi kusa da faci.

Sai batun girma, don abubuwan da ake kira DLC ba tsara ba ne. A watan Afrilun 2006 kamfanin Bethesda ya sayar wa masu buga Oblivion sulken doki a kan dala biyu da rabi, aka yi ta ce-ce-ku-ce, har yau ana kafa misali da shi. Shekara guda bayan haka, wannan kamfanin dai ya fitar wa Oblivion ɗin da Shivering Isles, ƙasa sukutum da labarinta da mutanenta. CD Projekt Red na ƙasar Folan ya raba wa masu The Witcher 3 ƙananan abubuwa goma sha shida kyauta, sannan ya sayar da manya biyu, Hearts of Stone a 2015 da Blood and Wine a 2016. Ita ta biyun girmanta ya kai har ta ci kyautar gwarzon rukuninta a bikin The Game Awards na wannan shekarar, tana gogayya da cikakkun wasanni. Ba na ganin sai mun ƙirƙiro kalma biyu. Babbar ɗoriya ga mai sabuwar ƙasa da labari, ƙaramar ɗoriya ga makami ɗaya ko fili ɗaya. Wadda ado ce zalla, riga ko fentin mota, a ce ɗoriyar kwalliya, kowa ya san abin da yake biya.

Akwai wani abu da kalmar ke yi wanda ya ƙara sa na riƙe ta. A 2012 masu wasa suka gano cewa Capcom ya saka 'yan dambe goma sha biyu a cikin faifan Street Fighter X Tekken, a kulle, sai an sake biya a buɗe su. Da Turanci wannan ma DLC ne, alhali abin da ake saukewa bai wuce mabuɗi ba. Da Hausa bakinka ba zai yarda ka kira shi ɗoriya ba, domin ba a ɗora komai ba, daga cikin uwar aka ɗebe aka sake sayar maka. Ni tauye mudu nake kiran wannan. In ana son sunan aiki, a ce kulallen kaso.

Ɓangaren haɗawa da rabawa ba shi da wuya. Idan an tattara ɗoriyoyi da yawa a farashi ɗaya, ƙunshin ɗoriya ke nan. Idan bayan shekara ɗaya ko biyu an sake fitar da gem da duk abin da aka ɗora masa, cikakken ƙunshi. Tsarin nan da ake biya tun kafin ɗoriyoyin su fito, irin wanda Rockstar ya yi wa L.A. Noire a 2011, tikitin ɗoriya ya wadatar, kuma mai saye ya sani alkawari ya saya, kayan ba su iso ba tukuna. A wasu na'urori kuma dole yankin ɗoriya ya dace da yankin uwa: faifan Turai ba zai karɓi ɗoriyar shagon Amurka ba, ko da sunan gem ɗaya ne. Sannan ɗoriyar da ba ta da faifai rayuwarta na hannun shago. An rufe saye a shagon na'urorin 3DS da Wii U a watan Maris na 2023, na Xbox 360 kuma a Yulin 2024. Ɗoriyar da a can kaɗai ake samunta, wanda bai saya ba kafin ranar, ta wuce shi.

Wuri ɗaya ne kalmata ke ɗingishi, kuma ɗan'uwan da ya ce "reshe" ya taɓo shi. Akwai waɗanda aka gina da kayan uwa amma suna tashi su kaɗai, kamar Far Cry 3: Blood Dragon na 2013 da Uncharted: The Lost Legacy na 2017. Ɗoriyar da ba ta kan komai, ai magana ta ci karo da kanta. Na yi tunanin "yayayyiya", wato wadda aka yaye daga uwa, amma na fi karkata ga reshen nan naka ga wannan nau'i kaɗai. Masana nahawu da ke cikinmu, ku duba mana wanne ya fi zama daidai.

Jiya da daddare na rubuta jimlar da nake so in gani a shagunan nan ranar da za a fassara su: "Wannan ɗoriya ce. Sai kana da uwar gem za ta yi aiki." Na miƙa wa ƙanena wayar ban yi masa bayanin komai ba. Ya karanta sau ɗaya, ya ɗago kai ya ce, "To Yaya, uwar nawa ce?"