Ina kuke kai yara ranar Asabar a Malesiya?

Maman Biyu, Serdang:
Assalamu alaikum jama'a. Mu sababbin zuwa ne, maigida ya fara digiri na uku a jami'ar UPM (Universiti Putra Malaysia), to yaran nan zaman gida ya ishe su, daga falo sai baranda, ƙaramin har kuka yake idan ya ga babansa ya ɗau jaka zai fita. Don Allah ku ina kuke kai naku, wurin da ba zai cinye mana kuɗin wata ba, kun dai san yadda alawus yake kuma ga yadda naira ta koma.

Hajiya ta Gombak:
Wa alaikumus salam, sannunku da zuwa ƙanwata, Allah ya sa a gama lafiya. Ki fara da filin shaƙatawa na KLCC da ke ƙasan tagwayen benen Petronas a Kuala Lumpur, ko sisi ba a biya, ga lilo ga sulɓi ga wani ɗan tafkin yara da ruwansa bai wuce gwiwa ba, ki tafi musu da kayan canji da tawul don wallahi in suka shiga fito da su sai da lallashi. Masallacin As-Syakirin na nan cikin filin, ba maganar neman wurin salla. Kuma ke an hutar da ke, jirgin ƙasa na MRT daga tashar UPM zai sauke ki tashar Persiaran KLCC ba sai kin canja ba. Amma ki riƙe wannan, a ƙasar nan fitar safe ita ce fita. Gari ba ya wayewa sai wajen ƙarfe 7, ku karya ku kama hanya, domin da yamma ta yi wajen uku zuwa huɗu sai ki ga hadari ya haɗu nan take, ga tsawa mai firgita yara, in ruwan ya tsuge kuma Grab, tasin da ake kira ta waya, ma tsada yake yi. Mu kafin la'asar mun dawo gida.

Baban Yara, Kajang:
Gaskiyar Hajiya ce. Ni Putrajaya nake ba ku shawara tunda kusa da ku take. Masallacin Putra mai ruwan hoda yana bakin tafki, ga fili a gabansa yara su yi ta gudu, in akwai ɗan canji ku shiga jirgin ruwan da ke zagaya tafkin. Sai dai rana tana duka a wajen, ku riƙe lema da ruwan sha.

Maman Biyu, Serdang:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. To gidan zu fa? babbar ita dabbobi take so.

Hajiya ta Gombak:
Zoo Negara yana da kyau amma ki sani yawancin wuraren tikiti a nan kuɗin baƙo daban yake da na ɗan ƙasa, ku huɗu za ki ji a jikinki. Ki bar shi sai lokacin da kuɗi suka shigo. Maigida ya riƙa tafiya da katin makaranta, ba laifi ba ne a tambaya ko akwai ragi.

Ɗalibi daga Sintok:
Mu nan Kedah hutunmu Juma'a da Asabar ne, shi ya sa haɗuwa da ku ke wuya. Amma in na shigo Kuala Lumpur da iyali ba na wuce gidan tarihin Musulunci da ke kusa da Masjid Negara, babban masallacin ƙasa. Akwai sanyin AC, ga tsofaffin Alƙur'anai na rubutun hannu, ga ƙananan siffofin masallatai har da Harami da na Madina, yarana sun daɗe tsaye suna nuna Ka'aba da yatsa. Wurin ranar da ake ruwa kenan.

Baban Yara, Kajang:
Kogunan dutse na Batu Caves ma a je ko sau ɗaya ne, jirgin ƙasa na KTM har ƙofar wurin yake kaiwa.

Hajiya ta Gombak:
A'a Malam, ban da mai ƙananan yara. Matakala 272 ce fa, da goyo a wannan zufa? Ga birai da ba sa tsoron mutum ko kaɗan, da sun ga leda ko robar lemo a hannun yaro sai su fizge. Sannan wurin ibadar Hindu ne, ya kamata mutum ya san haka tun kafin ya je, wanda ya je kuma ya mutunta masu wurin.

Baban Yara, Kajang:
Haka ne Hajiya, nawa sun girma shi ya sa, mai goyo kam ta dakata.

Anti Nas, Cheras:
Ni abu ɗaya zan ƙara don aikina ne. Sauron da ke kawo zazzaɓin dengi da rana yake cizo, musamman da safe da kuma yamma lis, ba kamar na maleriya da muka saba da shi a gida ba, don haka gidan sauro kaɗai bai isa ba. Ki shafa musu maganin sauro kafin ku shiga lambu, ki sa musu dogon wando mara nauyi. In yaro ya yi zazzaɓi mai zafi ki kai shi asibiti a duba jini, kar ki ba shi ibuprofen ko asfirin, farasitamol kawai kafin likita ya gan shi.

Maman Biyu, Serdang:
Kai Anti na gode, wannan ban taɓa ji ba. Abinci fa in mun fita? yaran har yanzu sun ƙi nasi lemak, shinkafar nan tasu da ake dafawa da madarar kwakwa.

Anti Nas, Cheras:
Ki saya musu roti canai, wata irin gurasa mai laushi, a shagon mamak, wato gidan abincin Musulmin Indiyawa, ba yaron da ke ƙin sa, ki ce kar a zuba musu sambal, miyar barkono, don yajinsa ba wasa. In kina shakkar wuri ki duba tambarin halal na JAKIM, hukumar harkokin Musulunci ta ƙasar, a ƙofa. Ni dai dafa-duka nake yi tun dare in zuba a kula.

Hajiya ta Gombak:
Tunda an taru, Asabar ta sama mu haɗu mu je Port Dickson mana, bakin tekun Teluk Kemang, bai fi tafiyar awa ɗaya da rabi ba daga nan, yara su yi wasan yashi mu kuma mu shimfiɗa tabarma a inuwa. Ni zan soya ƙosai da cincin.

Baban Yara, Kajang:
Mun shiga. Motata mai kujera bakwai ce, akwai wurin mutum uku, Maman Biyu ki gaya wa maigida mu yi waya, sauran mutum ɗaya ya bi Hajiya.

Anti Nas, Cheras:
Zoɓo a kaina. Ƙarfe 7 da rabi a tashi don Allah, kowa ya cika katin biyan kuɗi na Touch 'n Go saboda tolget.

Maman Biyu, Serdang:
In sha Allahu muna nan tafe, zan zo da tabarma biyu da kula ta shinkafa.