Sauya tsarin shugabancin runduna a wasannin dabarun yaƙi: ya dace da tarihi kuwa?

Ɗan Unguwar Rogo:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. A Hearts of Iron IV, wasan kwamfuta kan Yaƙin Duniya na Biyu, mutum yana iya kwashe dibishan (rukunin dubban sojoji) ashirin da huɗu daga hannun wani janar ya miƙa wa wani kusan nan take, ana tsakiyar gumurzu, kuma dakarun su ci gaba da faɗa ba tare da wata babbar asara ba. Wannan abu yana damuna, domin tarihi ne ya jawo ni ga irin waɗannan wasanni. Shin an taɓa sake fasalin shugabancin soja cikin sauƙi haka, ko kuwa masu tsara wasan ne suka sassauta mana?

Baba na Hanyar Rukuba:
Wa alaikumus salam, ɗana. Sassauci ne, kuma mai yawa. Hedikwata ba suna ba ce a kan takarda. Hafsoshi ne masu tsara kai farmaki, da 'yan sigina, da masu lissafin mai da albarusai da abinci, kuma duk bataliyar da aka cire daga ƙarƙashinsu sai an sake mata hanyar sadarwa da hanyar kayan aiki kafin ta yi amfani.

Ka dubi Tarayyar Sobiyet. A watan Yulin 1941, makonni kaɗan bayan Jamus ta afka mata, babbar hedikwatarta ta ba da umarnin soke matakin da ke tsakanin dibishan da babbar runduna, ta kuma rage girman rundunonin, ba don tsarin ba shi da kyau ba, sai don ba ta da isassun ƙwararrun hafsoshin da za su riƙe shi, bayan waɗanda Stalin ya kawar a 1937 da 1938 da waɗanda suka faɗi a farkon yaƙin. Sai a 1942 da 1943 aka dawo da matakin sannu a hankali, bayan an samu mutanen da suka goge.

Mu ma a gida mun gani. A Mayun 1969 Janar Gowon ya sauya kwamandojin dibishan ukun da ke fagen yaƙin basasa, Obasanjo ya karɓi ta uku daga hannun Adekunle, kuma sai da ya fara da gyaran tarbiyyar dakaru da walwalarsu kafin rundunar ta koma kan ƙafafunta. Yaƙin bai ƙare ba sai Janairun 1970.

Malamin Tarihi, Bukuru:
Baba ya faɗi gaskiya, Allah ya ƙara girma. Sai dai ba dukan wasanni ne suka yi watsi da wannan ba. A Hearts of Iron III, wanda ya fito a 2009, kowace hedikwata tana da iyakar nisan da rediyonta ke kaiwa, kuma dibishan ɗin da ta wuce wannan iyaka tana rasa amfanin kwamandanta. A wani wasan mai suna War in the East kuwa, sauya wa runduna hedikwata yana cin makin gudanarwa, wanda kaɗan ake ba mutum a kowane zagaye, saboda haka dole ya zaɓi abin da ya fi muhimmanci. A ganina wannan ne ya fi kusa da gaskiya, ko da yake na san 'yan wasa da dama sun gaji da jera hedikwatoci kafin a harba harsashi ko ɗaya.

Ɗan Unguwar Rogo:
Na gode, Baba, na gode, Malam. To, a wasan da bai tilasta komai ba, wace doka mutum zai kafa wa kansa?

Baba na Hanyar Rukuba:
Kada ka sauya wa dibishan kwamanda matuƙar tana musayar wuta. Ka janye ta baya tukuna, ka bar ta makonni biyu ko uku na lokacin wasan ba tare da umarnin farmaki ba, sannan ka tura ta ƙarƙashin sabon janar.