Fim ko dijital: shawarwari kan hoton gini da hudowar rana

Masu ɗaukar hoto sun yi ta ja-in-ja kan wanne ne tsakanin fim da dijital ya fi riƙe haske da inuwa idan rana ta fito ta bayan gini, misali hasumiyar masallacin Agadez mai tsawon mita 27: sama ta yi fari fat, bangon laka kuwa yana cikin duhu.

Masu goyon bayan fim sun ce nagetif (fim ɗin da haske da launi ke fitowa a juye kafin a buga hoton) irin Kodak Portra 400 yana jure yawan haske, farin sama yana narkewa a hankali ba ya ƙonewa. Shawararsu ita ce a auna haske a kan inuwar bango, a ƙara mataki ɗaya, wato a ninka hasken da ke shiga kyamara. Amma sun yi gargaɗi kan silayid (fim ɗin da hoto ke fitowa a kansa kai tsaye da launinsa na ainihi) irin Fuji Velvia 50: launinsa gwanin kyau, sai dai tazarar haske da duhun da yake iya riƙewa ba ta wuce mataki biyar zuwa shida ba, kuskure kaɗan hoto ya lalace.

Dijital akasin nagetif take. Wurin da haske ya ƙone ya tafi ke nan, amma inuwa tana ɗaguwa a kwamfuta. Don haka a auna sama, a ɗauka a RAW (ɗanyen fayil ɗin da kyamara ba ta sarrafa ba), a bar ISO (ma'aunin saurin kama haske na kyamara) a 100, a kafa kyamara kan ƙafa uku. Wasu sun ƙara da ɗaukar hoto uku masu bambancin haske a haɗa su.

Shawarar da ta fi kwanta mini ita ce a kashe daidaita launi na atomatik, domin shi ke wanke jan nan da rana ke zuba wa laka. Lokacin hunturu kuma hazo yana rage kaifin rana, har silayid ma zai iya.