Mota ta cika, mai ita bai dawo ba: me za mu kira wannan da Hausa?

Jama'a, assalamu alaikum. Cigiya nake yi, kuma cigiyar kalma ce.

Ina cikin fassara wani rahoto kan motoci masu amfani da lantarki don shirinmu na rediyo, sai na ci karo da abin da Amurkawa ke kira “idle fee”, na tsaya cak. Ga yadda abin yake. Ka kai motarka wurin caji na jama'a, ka jona ta, ka wuce cin abinci ko sayayya. Batir ya cika, kai ba ka dawo ba. Mota na nan a gurbi, igiyar caji na maƙale a jikinta, ba ta shan komai, ga mutum uku a baya suna jira, wataƙila ɗayansu da yara a mota da doguwar tafiya a gabansa. To akwai kuɗin da ake ɗora maka a kan kowane minti da ka ƙara. Sunan kuɗin nake nema, da sunan halin da ya jawo shi.

Kamfanin Tesla, mai ƙera motocin lantarki a Amurka, shi ne ya sa abin ya yi suna. A watan Disamba na 2016 ya fara karɓar senti 40 a Amurka a kan kowane minti da mota ta ƙara bayan ta cika, amma idan ka janye ta cikin minti biyar an yafe maka. A 2018 ya mai da shi senti 50, kuma ya zama dala ɗaya a minti idan babu sauran gurbi ko ɗaya a wurin.

Shi wurin kansa ba na neman masa suna. Muna da gidan mai, don haka gidan caji ya zauna daidai, wanda ya ce tashar caji ma bai yi kuskure ba. Ofishin caji ne kawai ba zai yiwu ba, domin caji ofis ya riga ya zama na 'yan sanda a kunnen kowane Bahaushe.

Bismillah, ina sauraro.

*

Shawarwari sun shigo, bari in bi su ɗaya bayan ɗaya. Malam, na ga taka: kuɗin zaman banza. Ita ce ta fara zo mini ni ma, har na rubuta ta, daga baya na soke. Ta bi kalmar Turanci sau da ƙafa, amma ta bar laifin a baya. Motar da ke zaman banza a garejin gidanka wata shida ba ta cuci kowa ba. Kuma ga wani abu a cikin tsarin na Tesla na wancan lokaci da ya kamata mu lura da shi: ba a karɓar kuɗin sai idan aƙalla rabin guraben gidan cajin suna da motoci. Idan da tsakar dare ne wurin wayam, ka bar motarka ta ƙara awa guda, babu mai tambayarka komai. Ashe ba zaman ake hukuntawa ba, tare wa wani wuri ake hukuntawa. Turawan ma sunan da suka sa bai kama abin da kyau ba, babu dalilin da zai sa mu gaji kuskurensu. Ga shi kuma zaman banza a wurinmu ya fi karkata ga rashin aikin yi, mai saurare zai ɗauka haraji aka ɗora wa marasa sana'a.

Hajiya, kuɗin jira da kika kawo yana da daɗin faɗa, sai dai ya juya maganar. Idan kin ɗauki shatar adaidaita sahu kika ce ya jira ki a bakin asibiti, abin da za ki ƙara masa shi ne kuɗin jira, wato wanda ya yi jiran shi ke karɓa. A nan kuwa masu jiran ba sa samun ko kwabo, suna can a layi suna duban agogo. Kuɗin jinkiri kuma ya yi laushi da yawa, ya fi dacewa da wanda ya makara wajen biyan bashi.

Ƙanena da ya ce zaman dirshan, ka ji kalma mai ƙarfi, amma 'yan jarida sun riga sun ba masu zanga-zanga ita. Wanda ya yi zaman dirshan a ƙofar ma'aikata haƙƙinsa yake nema. Ba na so mu ara wa mai tare gurbi wannan rigar.

*

Baba, Allah ya ƙara girma da lafiya. Karin maganar da ka kawo ta sa na ajiye alƙalami na yi shiru: rijiya ta bayar, guga ya hana. Wallahi babu abin da ya kwatanta lamarin kamar wannan. Wuta na nan, injin caji lafiyarsa lau, an biya kuɗi an kafa shi don jama'a, abin da ya tsaya tsakanin mai buƙata da biyan buƙatarsa mota ɗaya ce da ta riga ta ƙoshi.

Maganarka ta tuna mini famfon unguwarmu lokacin muna yara. Famfo ɗaya ne, ruwa kuma sai da asuba. Akwai ƙa'idar da babu wanda ya rubuta amma kowa ya san ta: idan bokitinka ya cika ba ka nan, na bayanka zai ɗauke shi ya ajiye a gefe ya tara nasa, kuma ba ka da bakin magana idan ka dawo. Haka a shagon mai cajin waya, wayarka na cika zai zare ta ya sa a aljihun tebur ya jona ta wani. Wannan sauƙin ne babu shi a gidan cajin mota. Ba a ɗaukar mota a ajiye gefe. Motoci da yawa ma suna kulle kan igiyar a jikinsu muddin mai motar ya kulle ƙofa ya tafi, kuma ko an samu an zare, igiyar cajin gaggawa gajera ce mai kauri, ba lallai ta kai ga motar da ke gefe ba. Duk maganin yana hannun mutum ɗaya, wanda ba ya nan. Shi ya sa a can Amurka suka ɗauki abin da zafi, har wasu direbobi kan bar ɗan kati a gaban gilashi da lambar wayarsu, don a kira su idan ana buƙatar wurin.

Sai dai Baba, karin magana ba ta shiga rasit. Ba zan iya cewa a rediyo an ci mutum kuɗin guga ba, sai na tsaya dogon bayani. Amma ranar da aka ce a rubuta allon gargaɗi da Hausa a wani gidan caji, ni dai ita zan ba da shawara a sa a sama.

*

Malama, ke kika kawo ta: kaka-gida.

Tun da na gani nake juya ta a baki. Wa ake cewa ya yi kaka-gida? Wanda ya shigo wuri, sau da yawa ma ta ƙofa ya shigo da izini, sannan ya miƙe ƙafa ya mai da wurin nasa, ya ƙi tafiya bayan abin da ya kawo shi ya ƙare. Baƙon da aka ba ɗaki na kwana uku ya shekara. Wannan shi ne mutuminmu. Lokacin da ya jona motarsa yana da gaskiya, babu wanda ya fi shi haƙƙi a wurin. Laifin ya fara ne daga mintin da batir ya cika. Kalmar tana ɗauke da duka biyun, shigowar halal da zaman da ya wuce ƙa'ida, kuma tana ɗauke da ɗan zargi daidai gwargwado, ba zagi ba ce, amma babu mai so a jingina masa ita.

Na gwada ta a jimla, don kalmar da ba ta shiga bakin direba ba ta da amfani. “Wane ne ya yi kaka-gida a lamba huɗu?” “Bari in je in janye mota kada in yi wa mutane kaka-gida.” Babu inda harshe ya yi tuntuɓe.

Wanda ya ce babakere ya fi, ina ganin aikinsu daban. Babakere cin rabon wasu ne a haɗa da naka. Yana da wurinsa a wannan harka: mutum ya gindaya mota ta cinye gurbi biyu. Hakan ya yawaita tun da Tesla ya buɗe gidajen cajinsa ga motocin Ford a watan Fabrairu na 2024, sauran kamfanoni suka biyo baya, domin an auna tsawon igiyoyin ne da motar Tesla wadda kafar cajinta ke baya ta hagu. Motar da tata kafar ke wani gefen sai ta tsaya a gurbi ɗaya ta ja igiyar na kusa da shi. Wannan babakere ne, ko da yake sau da yawa ba da son ran direban ba.

*

Barista, gyaranka ya shiga, kuma na yi tunani a kansa. Ka ce kada a ce tara, a ce kuɗi, domin tara ta alƙali ce ko hukuma, kamfani kuwa ciniki yake yi. A takardar kotu kana da gaskiya. Amma Bahaushe bai taɓa keɓe tara ga alƙali kaɗai ba. Ƙungiyar unguwa na cin wanda ya makara taro tara, 'yan kasuwa na cin junansu tara, direbobin tasha ma haka idan wani ya yi lodi ba layinsa ba. Abin da ya raba kuɗi da tara shi ne manufa. Kuɗi ana biyansa don a samu wani abu, kamar kuɗin mota ko kuɗin makaranta, kuma wanda ya biya ya sayi haƙƙi. Idan muka ce kuɗin kaka-gida, mai hali zai ji kamar ana sayar da zaman ne, ya ce to nawa ne, zan biya. Tesla da kansa, lokacin da ya shigo da tsarin, cewa ya yi fatansa kada ya taɓa cin riba ta nan. Abin da ake karɓa ana fatan kada a samu dalilin karɓarsa, sunansa tara.

Saboda haka ni na tsaya a nan: halin kaka-gida, abin da ake biya tarar kaka-gida. “An ci shi tarar kaka-gida ta dala goma.”

*

Tambaya mai kyau ta shigo daga wani ɗan'uwa: wanda batirin motarsa ya kai kashi 80 cikin 100 ya ƙi tashi sai ya kai 100, ga layi, shi ma kaka-gida ya yi?

A ganina a'a, tunda har yanzu yana sha. Amma akwai dalilin da ya sa ake ganin baikensa. Batirin lithium ba ya karɓar wuta da gudu ɗaya daga farko har ƙarshe. Idan ya kusa cika, motar da kanta ke rage ƙarfin wutar da ke shiga don kada batir ya yi zafi ya lalace, kamar yadda kake rage famfo idan ruwa ya kawo wuyan jarka. A motoci da yawa, lokacin da za ka ɓata daga 80 zuwa 100 ya kusa kai wanda ka ɓata daga 10 zuwa 80. Wato a mintunan da kake ɗigar ɗan abin da ya rage, da wani ya samu abin da zai kai shi gari na gaba. Ladabin da masu motocin lantarki suka ginu a kai shi ne, in akwai masu jira kuma 80 za ta kai ka, ka tashi. In kuwa tafiyarka ba ta yiwuwa sai da cikakken batir, zauna abinka, amma ka zauna a kusa. A ƙarshen 2023 Tesla ya fara karɓar dala ɗaya a minti a wasu gidajen caji masu cika a Amurka daga wanda ya haura kashi 90. Wannan ba ya buƙatar dogon nema, kuɗin cunkoso ya ishe shi, kuma a nan Barista na yarda da kai a ce kuɗi, don mutumin yana karɓar wuta a madadinsa.

*

Masu cewa ina ruwanmu, motocin nan nawa ne ma a ƙasar nan, na ji ku. Ba su da yawa, gaskiya ne, mu ba Norwe ba ne inda kusan 89 cikin 100 na sababbin motocin da aka sayar a 2024 masu lantarki ne zalla. Amma tun watan Afrilu na 2021 hukumar NADDC mai kula da bunƙasa ƙera motoci a Najeriya ta buɗe gidan caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, lokacin Jelani Aliyu na shugabantar hukumar, mutumin da ya zana motar Chevrolet Volt. A Maiduguri Mustapha Gajibo ya yi suna da mai da ƙananan bas-bas zuwa masu lantarki. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 kuma, kowa ya san yadda masu abin hawa ke neman mafita. Mu da guraben cajinmu za su yi ƙaranci, ga wutar da ba ta tsayawa, rigimar layi za ta fi tsanani a wurinmu. Kuma na ga yadda ake yi: idan kalmar aro ta riga ta zauna a bakin direbobi, babu malamin da ya isa ya tashe ta.

Saura guda ɗaya da ban gamsu da ita ba. Mai motar fetur da ya zo ya yi fakin a gurbin caji, abin da suke kira “ICEing”. Wanda ya ce mu fassara shi da ƙanƙara, wato “ice” a Turanci, ba daga nan kalmar ta fito ba, haruffan farko ne na sunan injin da ke ƙona mai a Turanci. Jihar Kolorado ta Amurka ta sa wa wannan tarar dala 150 tun 2019. Shi ba zan ce ya yi kaka-gida ba, domin tun farko ba shi da abin da ya kawo shi wurin. An kawo kane-kane, an kawo kutse. Kutse ya riga ya tafi ga masu shiga kwamfutar mutane, kane-kane kuma ya yi kusa da kaka-gida har za a riƙa musanya su. A shirin wannan makon zan ce tare gurbi kawai. Malama, Baba, in akwai wadda ta fi ta a wurinku, ina nan har ranar Laraba da yamma kafin mu shiga ɗaukar shiri.